Wendell, Ka Makara

Tillery, Oklahoma
6 ga Satumba, 1994

Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Carol Ann da yaran da ban taɓa gani ba sai a katin Kirsimeti. Mu nan mun gode Allah. Zafi ya ƙi sauka, tumatirina duk ya ƙone, gwiwata ta hagu kuma tana nan da halinta. In ka manta wace ce ke rubuto maka, ni ce Verlie Stroud, 'yar baffan mahaifiyarka Nadine, wadda ta riƙe ka shekara huɗu bayan rasuwarta, ta wanke maka wandon wasa har hannunta ya tsage. Na yi wannan dogon bayani ne don kada yarinyar da ke buɗe maka wasiƙu ta ɗauka ni ma hoto nake nema.

To, ga maganar. Mijina Hollis, kocinka na ƙwallon Amurka, ya samu shanyewar ɓarin jiki tun watan Maris. Ban gaya maka ba, don shi ya hana. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, bakin ma rabi ya rage. A watan Yuli ya ce in ba shi biro da takarda. Kwana tara mutumin nan yana fama da hannun hagu, ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage. Na ce kawo in rubuta maka, ya harare ni kamar na shiga masa fili ana tsakiyar wasa. Shekara ashirin da shida bai aiko maka ko harafi ɗaya ba, sai yanzu da hannun ya mutu. Ni na kai gidan waya da ƙafata.

Ranar Juma'ar da ta wuce amsa ta zo, cikin ƙaton ambulan mai tambarin jami'arku. Ya ce in buɗe a gabansa. Na buɗe. Hotonka ne, ka harɗe hannuwa kana murmushi, haƙora fari fat, a ƙasa kuma inji ya buga: "Ga masoyinmu na gaskiya. Ci gaba da goya mana baya!"

Haba Wendell! Masoyinku na gaskiya? Mutumin da ya koya maka yadda ake ɗaure hular kwano? Mutumin da ya ba ka aikinka na farko?

Ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Bai karanta ba."

Na ce, "Ƙila aiki ne ya yi masa yawa."

Ya ce, "Juya ni wajen taga." Na juya kekensa, haka ya wuni yana kallon waje. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma bai daina ɓaci ba.

Allah ya taimake ka na kwafe abin da ya rubuta kafin in liƙe ambulan. Ga shi, kalma da kalma: "Wendell. Ɗan wasanka mai gadin hagu, lamba 64, in zai ja gefe yakan ɗage nauyinsa daga kan yatsu kafin a saki ƙwallo. Kowa na gani. Gyara. Koci."

Shi ke nan abin da ya ci masa kwana tara. Hoton naka kuwa na naɗe shi na cusa ƙarƙashin ƙafar teburin kicin, wadda ke gurgunta tun zamanin da kake cin abinci a kai. Ya yi daidai, na gode.

Innarka,
Verlie

Wexley, Ohio
19 ga Satumba, 1994

Inna Verlie,

Na gaishe ki, na gaida Koci. Muna lafiya. Carol Ann ta ce in gaishe ki, ta kuma ce duk abin da kika faɗa mini kaɗan ne. Yaran sun girma, babban ma ya yi aure bara.

Wasiƙarki ta iso hannuna ne don kin rubuta "BA HOTO NAKE SO BA" a bayan ambulan da jan biro. Sakatariyar ta kawo mini da hannunta. Ba laifinta ba ne, Inna. Wasiƙa kusan ɗari huɗu ke shigowa kowane mako, rabinsu masu gaya mini wanda zan saka ne da wanda zan cire, ni na ce duk mai irin wannan magana a aika masa hoto. Ni na kafa dokar, ita ta bi. Na karanta takardarki a tsaye, na gama na nemi kujera. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Na sa aka ɗauko fina-finan wasanninmu na bara, muka zauna da mataimakana tara. Inna, gaskiyarsa ce. Duk lokacin da yaron zai ja gefe, yatsunsa sai su saki ƙasa. Shekara guda muna kallon fim ɗin nan, muna tsayarwa muna mayarwa, ba wanda ya gani, sai Koci a talabijin ɗinku mai hoto dishi-dishi. Mun gyara ranar Talata, ranar Asabar muka ci da maki ashirin da ɗaya. Ki gaya masa na gyara. Ki gaya masa na gode.

Ga abin da na shirya. Ranar 15 ga Oktoba muna da babban wasa a gida, ranar da tsofaffin ɗalibai ke dawowa. Zan turo jirgi ya ɗauko ku. A hutun rabin lokaci za a fito da Koci tsakiyar fili, a kira sunansa, mutum dubu saba'in su miƙe masa. Na riga na yi magana da shugaban jami'a, ya yarda. Akwai ɗaki na musamman can sama mai gilashi, ba zai sha iska ba.

Ni kuma da zarar an gama kakar wasa zan zo Tillery in zauna sosai. Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, ana jirana a taro.

Ɗanki,
Wendell

Tillery
22 ga Satumba, 1994

Wendell,

Na samu takardarka, mun gode Allah da kuke lafiya. Ina taya ka murnar auren da ba a gayyace ni ba. An ɗan yi ruwa, kuɓewa ta farfaɗo.

Na gaya wa Kocinka ka gyara. Ya ce, "Na gani ai." Amma ya ci abincin rana duka ran nan, har da ƙari, wannan kuwa na gode maka da gaske.

Maganar jirgi, a'a. Kai ɗan nan, ka karanta takardata kuwa, ko ita ma a tsaye ka bi ta kanta? Mutumin da ni nake goge masa baki, ni nake kai shi bayi, shi za ka gungura tsakiyar fili mutum dubu saba'in su kalla? Hollis Stroud, wanda bai taɓa fita ko shagon aski ba sai da gugar wando? Su tafa masa, kai kuma ka tsaya a gefensa a ɗauke ku hoto, a samu sabon da za a riƙa aika wa masoya? In kana son jama'a su san kai mai tuna alheri ne, nemi wata hanya. Mijina ba kayan nuni ba ne.

Sai kuma "da zarar an gama kakar wasa". Tabɗi! Ka san sau nawa na karanta wannan magana? Tana jikin kowane katin da ke zuwa tare da talotalon da kake aiko mana duk ƙarshen shekara. Talotalo ashirin da shida mun ci, mai talotalon bai zo ba. An gama kakar wasa sai neman sababbin 'yan wasa, an gama wannan sai horon bazara, daga nan sai wata kakar. Ai matar koci ce ni, shekara talatin da takwas, ba ni za a gaya wa wannan tatsuniya ba.

Ka tuna dokarsa? Duk wanda ya makara horo, minti ɗaya zagayen fili ɗaya, kuma ba ya jin uzuri. Ka tuna ranar da tsohuwar motata ta mutu a gadar rafi, muka iso da minti bakwai, na ce masa laifina ne, ya ce to ke ma ki zagaya? Kai ka yi bakwai ɗinka, ni kuma na hana shi burodin masara mako guda. Jiya na zauna ina tunanin zagaye nawa ne shekara ashirin da shida, na ga ko motar safa ta Greyhound ba za ta iya ba.

Bari in gaya maka yadda yake, tunda ba ka tambaya ba. Ba jikin kawai ba ne. Kan ma ya fara tafiya. Wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Wani lokaci ya tambaye ni ko an shafa wa layukan fili farar ƙasa, filin da aka rushe aka gina kanti tun tuni. Amma ranar Asabar, da an kunna talabijin ya ga 'yan wasanka, sai ya dawo garau. Ya sa in rataya masa usur ɗinsa a wuya, ya zauna yana faɗa da alƙalan wasa.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Duk sa'ad da kuka yi dabarar nan da kowa ke tafiya dama ƙwallo ta bi hagu, sai masu sharhi su ce, "Ga Tarkon Mabry nan!" Tarkon Mabry fa, wai da sunanka! Ni ina tsaye a kansa ya zana ta a bayan buhun abincin kaji a 1951, ya sa mata suna Verlie Hagu, wai don in na ce masa zan je taron mata a majami'a sai a gan ni gidan ƙanwata. Ba ya cewa komai in sun faɗa. Sai dai ya ja kunnensa na hagu, yadda yake yi muku alama da ita daga bakin fili.

Ba jirgi yake so ba, Wendell. Ban kuma san makonni nawa suka rage da zai gane ka ba.

Verlie

Wexley
2 ga Oktoba, 1994

Inna Verlie,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, sai ciwon baya da likita ya ce na tsayuwa ne. Yau Lahadi, na kori kowa daga ofis, na zauna. Wannan ba a tsaye nake rubuta ta ba.

Ban yi maganar jirgi don a ɗauke ni hoto ba, Allah ya sani. Iyakar girmamawar da na iya ke nan, irin ta fili da tafi. Amma na gane na yi wauta. Ki yafe mini.

Kin ce aiki ne ya hana ni zuwa. Da shi nake fakewa, amma ba shi ba ne. Tsoro ne. Ni da nake tsayawa gaban ƙatti ɗari in yi musu tsawa su yi tsit, tsoron wani tsoho a Tillery nake ji.

Kin san abin da na yi a Nuwamban 1968, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Ina mataimakinsa shekara biyar, ni ke riƙe da 'yan tsaron baya. Saura kwana biyar mu buga wasan da zai kai mu gasar jiha, abin da ya yi shekara goma sha tara yana nema. Sai jami'ar nan ta Kansas ta kira ni, suka ce ko in zo Litinin ko su ba wani. Na shiga ofishinsa na gaya masa. Bai ɗaga kai daga takarda ba. Ya ce, "Ajiye makullin a kan tebur." Na ce, "Koci, bari in yi bayani." Ya ce, "Ba na jin uzuri, ka sani." Na ajiye, na fita. Ranar Juma'a aka cinye ku da maki biyu, ta bayan nan da nake riƙewa aka wuce. Bai ƙara kaiwa kusa da gasar jiha ba har ya bar aiki.

Duk abin da na samu daga baya, kofuna huɗu, filin horo mai sunana, a kan wannan Juma'ar na gina shi. Kowace shekara sai in ce bari in ƙara cin wani abu tukuna, in je masa da abin da zai sa ya ga tafiyar ba ta banza ba ce. Kowace shekara kuma zuwan sai ya ƙara nauyi. Sunan dabarar ma, karo na farko da wani ɗan jarida ya ce Tarkon Mabry na yi shiru, don in na ce ta Hollis Stroud ce za a tambaye ni yaushe rabona da shi.

Amma ki sani, ba abin da nake koya wa yaran nan da ba nasa ba. Minti ɗaya zagaye ɗaya, har yau. Ba a zagin yaro a gaban uwarsa. Wanda ba ya buga wasa shi ake fara zuba wa abinci. Mataimakana shida sun zama manyan koci a wasu wurare, duk da wannan suka tafi. Ke kuma, da ba ki zo kin ɗauke ni da jakata ɗaya ranar da aka binne Mama ba, ban san inda zan ƙare ba. Ban taɓa ce muku na gode ba yadda ya kamata.

Tambaya ɗaya nake da ita, ki ba ni amsa tsakani da Allah. In na zo, zai so ganina? In kuwa zuwana zai tayar masa da tsohon ciwo a halin da yake ciki, gara in zauna inda nake. Ba zan motsa ba sai na ji daga gare ki.

Ɗanki,
Wendell

Wexley
30 ga Oktoba, 1994

Inna Verlie,

Ina fatan kuna lafiya. Mako huɗu ke nan ba amsa. Na buga waya sau biyar, tana ta ringi ba a ɗauka. Kullum sai na tambayi sakatariya ko akwai ambulan mai jan biro, har ta fara kauce mini a hanya.

Na ɗauka shirun nan shi ne amsar, kin tambaye shi ya ce a'a, ke kuma kina jin nauyin gaya mini. In haka ne ban ga laifinsa ba, ba zan ƙara damun ku ba. Ki dai aiko mini layi ɗaya in san yana raye. Mun ci wasa bakwai cikin takwas, ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Wendell

Tillery
9 ga Nuwamba, 1994

Wendell,

Yana raye, ni ma haka, kwantar da hankalinka. Ka yi haƙuri da wannan rubutu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ranar 5 ga Oktoba ina ƙoƙarin ɗaga Kocinka daga wanka santsi ya kwashe ni, na karya wuyan hannun dama. Glenda 'yarmu ta zo ta kwashe mu duka biyu zuwa gidanta a Tulsa, mako biyar muna can. Shekaranjiya muka dawo na tarar da takardunka biyu cikin kwali wurin maƙwabta, tare da takardun talla. Waya kuwa, wa zai ɗauka, kyanwa?

Na karanta ta farko sau uku, na yi kuka, ban ji kunyar faɗa ba. Na karanta ta biyu na ji kamar in miƙa hannu har Ohio in make ka. Wai shiru shi ne amsa! Yaushe ka taɓa sanina da ba da amsa da shiru?

Kai wawa ne, ɗan Nadine, shi ma wawa ne, ni ma da na yi shekara ashirin da shida ina kallon ku. Wa kake tsammani ya gaya wa mutanen Kansas akwai wani Wendell Mabry a duniya? Mala'ika? Kocinka ne ya rubuta musu, shafi uku, ni na buga masa a keken rubutu na majami'a. Cewa ya yi su ɗauke ka a Disamba, su kuma suka ƙi jira. Da ka shiga ofishinsa ya san in ya ɗaga kai ya kalle ka za ka fasa tafiya, shi ya sa bai ɗaga ba. Ya dawo gida ran nan ya ajiye makullinka a kan teburin kicin, ya ce, "Yaron ya samu." Wasan Juma'a ya yi masa zafi, ba zan yi maka ƙarya ba, har Kirsimeti ba ya magana. Amma bai taɓa ɗora maka ba. Ya sa na rantse ba zan gaya maka shi ya rubuta ba, wai kada ka ɗauka ba da ƙoƙarinka ka samu ba. Yau na karya rantsuwar, Allah ya yafe mini. Makullin yana nan cikin gwangwanin maɓallaina.

Na tambaye shi abin da ka ce in tambaya. Na zaɓi safiya, lokacin da kansa ya fi zama. Na ce, "Hollis, in Wendell ya zo za ka so ganinsa?"

Ya ce, "Wane Wendell?"

Ka ji yadda muke. A Tulsa ya ɗauka Glenda ma'aikaciyar asibiti ce, yana ce mata na gode, baiwar Allah. Asabar ɗin ma ta fara kuɓuce masa, makon jiya barci ya yi a rabin wasa. Ba zan yi maka alkawarin zai gane ka ba. Ka zo dai. Kada ka aiko talotalo bana, Glenda ta saya.

Innarka,
Verlie

Wexley
14 ga Nuwamba, 1994

Inna Verlie,

Allah ya ba hannunki lafiya. Na karanta, na rufe ƙofar ofis, rabin awa ban iya buɗewa ba. Ban san da wane baki zan gode ba.

Asabar ɗin nan, 19 ga wata, shi ne wasanmu na ƙarshe, da Halstead, ƙarfe ɗaya na rana agogonku. Ki rataya masa usur ɗinsa, ki matso da shi kusa da talabijin tun kafin a fara. Kada ki tashi ɗauko shayi, farkon wasan nake so ya gani.

Lahadi da safe zan kamo hanya da motata, ni kaɗai. Mataimakana sun ce makon da ke biye shi ne na neman sababbin yara, in ban je gidajensu ba wasu za su kwashe su. Na ce su kwashe. Zan iso Litinin ƙarfe goma na safe.

Wendell

Tillery
4 ga Disamba, 1994

Wendell, ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Glenda ta ce ka buga ka isa lafiya, mun gode Allah. Yaya ƙafafun? Carol Ann ta jiƙa maka su a ruwan gishiri kamar yadda na ce? Hannuna yana samun sauƙi, an cire filastan jiya. Sanyi ya shigo, na kwashe sauran kuɓewar.

Kwana huɗu ka yi a gidan nan, muka yi ta surutu, amma akwai abu biyu da ban gaya maka ba, don na san in na fara a gabanka dukkanmu za mu ɓare baki kamar yara. A takarda ya fi mini sauƙi.

Na farko, ranar Asabar. Na yi yadda ka ce. Yana zaune kansa a sunkuye, na ce yau kam ba ya nan. Sai aka nuno ka a bakin fili, ka cire abin kunnen nan naka na magana, ka cire hula, ka ja kunnenka na hagu. Wendell, mutumin nan ya ɗago kamar an kira sunansa. Kowa ya tafi dama, ƙwallo ta bi hagu. Yadi huɗu kacal kuka samu, ni har na ji haushi, na so a ce yaron ya ruga har ƙarshen fili. Shi kuwa ya buga hannun kekensa ya ce, "Mai gadin ya makara da taku ɗaya!" Da aka tashi kun ci, aka miƙo maka abin magana ana tambayarka nasara ta ɗari biyu, ka ce ba sunanta Tarkon Mabry ba, sunanta Verlie Hagu, Hollis Stroud na Tillery ne ya zana ta a bayan buhun abincin kaji, ya riga ya yi barci, bai ji ba. Ni na ji. Garin nan kaf ya ji. Yanzu ba na iya shiga majami'a sai wata ta ce, "Verlie, yau dama ko hagu?" Ka ja mini, amma na gode.

Na biyu, ranar Litinin. Ka ce ƙarfe goma, ka iso goma da minti ashirin, wai gadar rafi aka rufe. Tun tara na fito da shi baranda da gugaggen wando. Na ga ka fito daga mota da ƙwallon wasan a hannu, an rubuta mata maki da farin fenti, ka tsaya a bakin matakala kamar wanda ya zo neman aiki. Da safen nan ni ma bai san ni ba. Ka ce, "Koci." Ya kalle ka ya daɗe, ba komai a idonsa, na ce shi ke nan, mun rasa. Sai ya dubi wuyan hannunsa inda agogo yake a da.

"Mabry, ka makara."

"Na makara, Koci."

"Ba na jin uzuri."

"Ban zo da shi ba, Koci."

"To me kake jira?"

Ka ajiye masa ƙwallon a cinya, ka cire kwat, ka kama zagaya gidana da takalmin zuwa majami'a, da tumbinka, shekara hamsin da huɗu. Ta cikin fulawoyina fa ka bi, ban manta ba. Wannan duk ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da aka yi a baranda duk lokacin da ka ɓace ta bayan gida.

Zagaye na farko ya gyara zaman ƙwallon a cinyarsa. Na biyu ya ce, "Ya yi ƙiba." Na uku ya sa usur a baki, iska ta zurare ta gefen da ya mutu, ya gwada sau biyu ya kasa. Ya cire ya miƙo mini, ya ce, "Bari ya ƙara ɗaya, sannan ki hura masa, kada ya mutu mana a tsakar gida." Kai ka ɗauka shi ya hura. Ni ce, karo na farko a shekara hamsin da bakwai da ya bar ni na hura usur ɗin nan.

Tun ranar da ka tafi bai ƙara kiran sunan kowa ba, har nawa. Likita ya ce haka abin zai ci gaba. Ban damu yadda na zaci zan damu ba. Ƙwallon tana cinyarsa kullum, ba ya yarda a ɗauka ko za a yi masa wanka. Hotonka na zaro shi daga ƙarƙashin tebur, na goge da dutsen guga, yana jikin firji da alamar ƙafar tebur a goshinka. Na gode da ka zo, ɗan Nadine. Na gode da ba ka jira an gama komai ba.

Saura magana ɗaya. A zagaye na huɗu, kana bayan gida ina jin hakinka tun daga wajen tankin gas, ya kamo hannuna da hannunsa mai kyau, ya jawo ni kusa kamar kada wani ya ji. Ya ce, "Verlie, ki sa ido a kan yaron nan, wata rana zai yi koci. Kada ki gaya masa. Ki dai ƙara masa wake."

Rantsuwa ta biyu ke nan na karya. Ka zo da Carol Ann da yaran a Kirsimeti, waken yana nan.

Innarka,
Verlie